Wasiƙa daga Italiya: gidan masu gonar inabi na Maser

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina fata kowa yana lafiya, ya iyali, ya aiki. Gaisuwar ta tsaya nan, don maganar da ke gabanmu doguwa ce.

Tambaya ɗaya ce take ta dawowa, daga ɗaliban zanen gine-gine, da magina, da ma waɗanda hoto kawai suka gani. Wai wannan dogon gida mai launin ruwan ƙwai da ke gindin tudu a arewacin Italiya, fada ce ko coci? In kuma da gaske gidan manoman inabi ne, me ya haɗa manomi da ginshiƙai irin na tsofaffin wuraren bautar Rumawa? To ga amsa a wuri guda. Zan yi maganar tarihinsa, da tsarinsa, da abin da ke cin irin waɗannan gidaje, in wuri ya samu in taɓo ita kanta kurangar inabin da ɗan cocin da ke bakin titi. Tun da wuri in faɗa: inabin da ake nomawa a nan mafi yawansa giya ake yi da shi, hukuncinta kuwa a addininmu ba ɓoyayye ba ne. Gini nake bayani. Sai dai ba a fahimtar ginin nan in ba a san aikin da aka gina shi dominsa ba.

Sunan gidan Villa Barbaro. Yana ƙauyen Maser, lardin Treviso, a yankin Veneto, 'yar tafiya kaɗan daga garin Asolo. Waɗanda suka gina shi wa ne da ƙane daga manyan gidajen birnin Venis, Daniele da Marcantonio Barbaro. Daniele malami ne, ya yi jakadanci a Ingila, daga baya aka zaɓe shi mai jiran kujerar babban limamin cocin Aquileia. A 1556 ya fitar da fassara da sharhin littafin Vitruvius, masanin gini na zamanin Rumawa, kuma Andrea Palladio, mai zanen gine-ginen da ya tsara gidan nan na Maser, shi ne ya zana masa hotunan ciki. Marcantonio shi ma jakada ne, ya yi Faransa, ya yi Santambul. Yana can yaƙi ya ɓarke tsakanin Venis da Daular Usmaniyya a kan tsibirin Cyprus, aka tsare shi, kuma da hannunsa a sulhun 1573.

Mutanen Venis a teku suka yi arziki, to me ya kai su noma? Turkawa sun ci Santambul a 1453, 'yan Fotugal sun zagaya ƙarshen Afirka sun isa Indiya a 1498, fataucin gabas ya daina zama nasu su kaɗai. Sai masu kuɗi suka juya wa ƙasa, suna sayen gonaki, suna janye ruwa daga fadamu. A 1556 gwamnatin Venis ta kafa hukuma ta musamman mai kula da ƙasar da ba a nomawa da rabon ruwan ban ruwa. Mai gona irin wannan yana son zama a gonarsa lokacin girbi, idonsa a kan rumbu da ma'aikata, kuma yana son gidan da in baƙo ya zo zai san gidan wa ya zo. Palladio, wanda aka haifa a Padua a 1508, ya kuma fara da sassaƙar dutse tun yana yaro, shi ya fi kowa iya haɗa waɗannan buƙatu biyu a gini guda. Aikin Maser an yi shi daga tsakiyar shekarun 1550 zuwa wajen 1560, a kan wani tsohon gidan iyalin da ke wurin, wanda ba a rushe shi duka ba.

In ka tsaya a titi ka dubi arewa, ga abin da za ka gani. A tsakiya akwai babban gini mai hawa biyu, ya turo gaba. A fuskarsa ginshiƙai huɗu ne manne da bango, daga ƙasa har sama, a kansu goshi mai kusurwa uku ɗauke da tambarin iyalin da gaggafa mai kai biyu. An ɗauko fasalin ne daga wani tsohon wurin bautar Rumawa da ke bakin kogin Tiber a birnin Rum. Dama da hagu fukafukai biyu ne suka miƙe, kowanne da baka biyar a jere. Mutanen nan suna kiran irin wannan rumfa barchessa, kuma rumfar aiki ce: nan ake shigar da amalanke, nan ake sauke kaya in ruwa ya tsuge. A ƙarshen kowane fiffike akwai ɗakin tattabaru mai baka uku a ƙasansa, a goshinsa babban agogon rana. Ɗaya yana nuna sa'o'i, ɗayan yana nuna inda rana take a zagayen shekara. Tattabarun ba ado ba ne, nama ne a tukunya, kashinsu kuma taki.

Gidan yana fuskantar kudu, kuma da lissafi aka yi haka. A wannan yanki rana tsaka a tsakiyar bazara tana hawa kusan digiri 68 daga ƙasa, a tsakiyar hunturu kuwa ba ta wuce 21. Saboda haka da zafi rumfar tana cikin inuwa, da sanyi kuma hasken yana shigowa ta ƙarƙashin baka har ya taɓa bangon ciki ya ɗumama shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a gidan nan ruwa ne, kuma a nan zan daɗe. Gidan a kan gangare yake, an yanki jikin tudun an zaunar da shi. Wannan ya sa hawa na biyu, inda masu gida suke zama, ya zo daidai da tsakar gidan baya. Ka hau matakala daga gaba, amma in ka fita ta baya ƙasa za ka taka. A wannan tsakar gida akwai idon ruwa da ke fitowa daga tudun, an kewaye shi da bango mai siffar rabin da'ira, cike da gumaka da ado na farar ƙasa. Masu yawon buɗe ido a adon suke tsayawa. Palladio kuwa, a littafinsa na gini mai kashi huɗu da ya fito a 1570, hanyar ruwan ya tsaya ya bayyana. Daga idon, ruwan yana taruwa a ɗan tafki da ake kiwon kifi. Daga nan ya gangara kicin. Daga kicin ya shayar da lambunan da ke dama da hagun hanyar shiga gida. Sannan ya cika tafkunan kifi biyu da komayen shayar da dabbobi a bakin titin jama'a, inda duk mai wucewa da doki ko sa zai shayar. A ƙarshe ya tsallaka ya jiƙa babbar gonar itatuwan marmari da ke ƙasa. Ruwa ɗaya, aiki biyar, babu famfo, babu inji, gangare ne kawai.

Ku lura da jerin. Aikin da ya fi buƙatar tsabta shi ke kusa da idon, wanda bai damu da gurɓata ba shi ke ƙarshe. In aka juya jerin, an kashe tsarin. Irin wannan hanyar ruwa kuma wurare uku take mutuwa. Na farko gangaren: in ya yi kwance da yawa laka ta kwanta ta toshe, in ya yi tsaye da yawa ruwan ya riƙa cin gindin magudanar. Na biyu alli: ruwan da ya ratso dutsen farar ƙasa yana barin ɓawo a cikin bututu, shekara bayan shekara bakin yana tsukewa. Na uku saiwa: itace yana jin danshi daga nesa, ya tura saiwa ta mahaɗin bututu ya tsage shi. In bututun ya fashe a ƙarƙashin gida ba a gani, sai bayan lokaci ka ga tabo ya fito a bangon ɗakin da ke nesa da wurin. Maganinsu ramukan dubawa a kowace kwana, da ramin kwantar da laka kafin ruwa ya shiga bututu, da yasa a kai a kai.

Wurin matse inabi, a yadda Palladio ya rubuta, yana ƙarƙashin ɗakunan tattabarun nan, tare da barga da sauran ɗakunan gona. Ya kuma shimfiɗa ƙa'idojin ɗakin ajiyar giya dalla dalla. A yi shi a ƙarƙashin ƙasa, a rufe, nesa da hayaniya da danshi da wari. Haskensa ya shigo daga gabas ko arewa, don ranar kudu da yamma tana ɗumama abin da ke cikin ganga ta lalata shi. Daɓen ya ɗan gangara zuwa tsakiya, a yi shi da abin da ba ya shan ruwa, yadda in ganga ta tsiyaye za a iya kwashewa. Manyan kwatarniyoyin katako da ruwan inabin ke tafasa a ciki, wato yana tsimuwa da kansa ba a kan wuta ba, a ajiye su a rumfa kusa da ɗakin, a ɗaga su har bakin fitarsu ya ɗan fi bakin gangunan tsayi, sai a tura ruwan ta bututun fata ko kwararon katako. Hikimar dai ita ce ta ruwan idon, a bar nauyi ya yi aikin da mutum zai yi da baya. Dalilin ajiye kwatarniyoyin a rumfa mai iska kuma babba ne. In ruwan inabi yana tafasa yana fitar da iska marar launi, marar wari, wadda ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta kwanta a ƙasan ɗaki. Mutum ya sunkuya a cikinta ya faɗi, wanda ya shiga ceto shi ma ya faɗi. Mutanen dā kyandir suke fara saukarwa, in ya mutu ba a shiga.

Zanen bangon da ya sa gidan ya yi suna aikin Paolo Veronese ne, wajen 1560 zuwa 1561. A babban ɗaki mai siffar gicciye ya zana ƙofofin da ba ƙofofi ba, wata yarinya tana leƙowa ta ɗaya. A wani ɗakin matar Marcantonio tana tsaye a baranda ita da mai reno, ga ɗan kare, ga aku. Akwai ɗaki guda da aka keɓe wa gunkin inabi na Rumawa. Palladio bai ambaci sunan Veronese ba ko sau ɗaya a bayanin gidan. Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ake zanen: a kan ɗanyen shafe, iya abin da mai zane zai gama a yini, launin ya bushe tare da farar ƙasar ya zama jikin bango. Don haka duk ciwon da ya kama bango ya kama zanen.

Ga mu a kan abin da ke damuna. Da yawa suna ɗauka gidajen Palladio da dutse aka gina su. Jan bulo ne gasasshe, an shafe shi da farar ƙasa, dutse sai a wuraren da ke buƙatar sassaƙa mai kaifi ko juriya. Har ginshiƙai da bulo ake ɗaga su a shafe. Farar ƙasar kuwa dutse ne ake gasawa a wuta mai zafin kusan digiri 900, a jiƙa shi a rami ya narke, a bar shi watanni a rufe, yana daɗewa yana ƙara kyau. Ma'aunin da Palladio ya bayar: in yashin rami ne, uku na yashi ɗaya na farar ƙasa, in na kogi ne ko na teku, biyu da ɗaya, na tekun kuma sai an wanke gishirinsa. Ya ce ɗanyen bulo ya sha inuwa shekara biyu kafin a gasa, katako ya yi shekara uku kafin ya hau gini, harsashi ya ninka kaurin bangon da zai ɗauka. Shafen waje a nan yakan zama hawa hawa: na ƙasa mai kauri da dakakken jan bulo a ciki, na sama siriri da garin marmara, a murza shi da cokalin gini har ya yi sheƙi.

Abokin gabar wannan bango shi ne danshin da ke hawowa daga ƙasa. Bulo yana tsotsar ruwa, ruwan ya hau mita ɗaya ko fiye, ɗauke da gishiri. A inda aka taɓa ɗaure dabbobi abin ya fi muni, saboda fitsari da taki na ɗaruruwan shekaru sun cika ƙasar da gishiri. Ruwan ya bushe, gishirin ya daskare a cikin ƙofofin bulon, ya kumbura, ya tura fuskar shafen waje. Sai sanyi ya zo ya ƙarasa. Sanyin nan ba irin hunturunmu mai bushewa ba ne, jiƙaƙƙe ne, hazo ya kwanta a fili kwana da kwanaki, bango ba ya samun bushewa, da dare kuma ma'auni ya sauka ƙasa da sifiri. Ruwa in ya daskare yana ƙara girma kusan kashi 9 cikin ɗari. Yau ya daskare, gobe ya narke, jibi ya daskare, kafin bazara shafen ya fara zuba. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan ruwa ne ke shiga. In aka ce a kunna na'urar ɗumama ɗaki da ƙarfi don a kori sanyin, an ƙara wa zanen ciwo, don zafin yana jawo danshi da gishiri zuwa fuskar bangon ciki, daidai inda launin yake.

Kuskure mafi tsada da aka yi wa gidaje irin wannan a ƙarnin da ya wuce shi ne shafen siminti. Da farko sai ka ga bango ya yi kyau. Amma siminti ba ya barin danshi ya fita, sai ruwan ya ƙara hawa sama ko ya ɓullo ta ciki. Kuma ya fi bulon ƙarfi, don haka ranar da zai ɓalle da fuskar bulon yake ɓallewa. Gyaran yana cin lokaci. A fara kashe mafarin ruwan: magudanar rufi, bututun da ya fashe, ƙasar da aka tara a gindin bango. A cire simintin da hannu, da kurfi da guduma ƙarama. A bar bangon tsirara ya bushe, bango mai kauri kuwa watanni yake ɗauka. A liƙa masa jiƙaƙƙen ɓawon takarda ko laka ta musamman ta zuƙe gishirin, a cire, a maimaita. Sannan a mayar da farar ƙasa, a jiƙa bangon kafin kowane hawa, a kare shi daga rana da iska, don in ya bushe da gaggawa garin banza zai zama. Kuma ba a wannan aiki in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5.

A nan takarda take haɗuwa da sanyi. A Italiya gidan da aka yi wa rajistar tarihi yana ƙarƙashin dokar kayan tarihi mai lamba 42 ta 2004. Mai gida ba ya taɓa ko taga sai da izinin ofishin gwamnati mai kula da kayan tarihi, wanda ake kira Soprintendenza, kuma doka ta ba ofishin har kwana 120 ya amsa. Kafin a kai takardar ana haɗa zanen ginin yadda yake, da hotuna, da tarihinsa, da taswirar inda ya lalace, sau da yawa har da gwajin tsohon shafen. Zanen bango kuwa sai ƙwararren mai gyara da hukuma ta amince da shi. Wanda bai shigar da takardunsa tun hunturu ba, izininsa yana iya fitowa a makare, lokacin aikin farar ƙasa ya shige, sai wata shekara. Ko sayar da gidan za a yi, a sanar cikin kwana 30, gwamnati tana da kwana 60 ta ce ita za ta saya a kan wannan farashi. Abin da gajiya, da kuɗi. Amma a ganina gajiyar ta biya, don ita ce ta hana mai gida ya tashi da safe ya kira birkila da buhun siminti. Yankin nan yana da irin waɗannan gidaje kusan 4,000 a rajista, ba doka da an daɗe da rasa da yawa.

Ciwon nan mun san shi a gida. Ginin tubali da aka yi wa yaɓen siminti, bayan 'yan damuna sai ka ƙwanƙwasa ka ji holoƙo, ƙasar ciki ta jiƙe ta rabu da simintin, wata rana ya zubo falle guda. Magabatanmu da makuba suke yaɓe, ta kwasfar ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Dafarar nan ma dangin inabi ce a wajen masana tsirrai. Yaɓe ne mai kore ruwan sama ya kuma bar bango ya fitar da danshinsa, in ya tsufa a sabunta shi. Duk mai tsohon soro a Kano ko Zariya ko Damagaram ko Agadas, kafin ya sayi siminti ya fara duba indararonsa da inda ruwa ke kwanciya a gindin bango, ya kuma nemi tsohon maginin da ya san haɗin laso, a rubuta ma'aunin tun yana raye.

Gidan Maser ya fita hannun Barbaro ta gado, ya bi ta wasu iyalai har ya kai ga gidan Manin, gidan sarkin Venis na ƙarshe. A 1850 Sante Giacomelli ya saye shi ya gyara, aka kuma mayar da aikin inabin wani gini na daban a gefe. A 1934 ya shiga hannun Giuseppe Volpi, wanda ya yi gwamnan mulkin mallakar Italiya a Tarabulus daga 1921 zuwa 1925, sannan ministan kuɗi a gwamnatin Mussolini. Wannan ma yana cikin tarihin gidan, bai kamata a tsallake shi ba. Zuriyarsa ta zauna a ciki shekaru da yawa, kuma har yau ana noma, ana girbi. A 1996 UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya tare da sauran gidajen gona na Palladio. Ɗakuna kaɗan ake buɗe wa baƙi, kuma sai an sa silifa mai laushi a kan takalmi saboda daɓen.

Kurangar inabin da na yi alkawari, a taƙaice: a dā a jikin itatuwa ake ɗora ta a yi shuka a tsakani, yanzu a kan waya take a jere. Wani ƙwaro mai cin saiwa da ya zo daga Amurka ya ɓulla a Italiya a 1879, tun daga nan ake ɗaura irin Turai a kan saiwar irin Amurka. Ɗan cocin bakin titi kuma Marcantonio ne ya sa aka gina shi a 1580, zagayayye mai ƙubba, a fasalin Pantheon, tsohon wurin bautar Rumawa mai ƙubba da ke birnin Rum. Yana cikin ayyukan Palladio na ƙarshe, don a watan Agusta na shekarar ya rasu. Yadda aka ɗaura ƙubbar da yadda take sauke nauyinta a kan bango magana ce ta wata wasiƙar.

A gaida mutanen gida. Wassalam.